Hannun Cin Tuwo

Ni Malam Mumuni maɗinki nake rubuta wa Iya Barakatu daga zangon Sokode, zuwa ga ƙanwarta Husseina a Yendi.

Husseina, ina gaishe ki. Yaya maigidanki, yaya ƙafar nan taki? Mu lafiya lau, ruwa ya sauka, doya ta yi.

Ƙasar nan da Faransi ke mulki abin mamaki ce, ƙanwata. Kin san can wajenku na Ingilishi mota da keke hagu suke bi. To nan dama ake bi, doka ce. Na ce yau ga ikon Allah, hanya ma sai an zaɓa mata hannu!

Jibrilu ɗana bai saba ba. Ya hau kekensa ya kama hagu kamar yana gida, sai ga motar kumandan, Baturen mulki, gaba da gaba. Bai ji ciwo ba, alhamdu lillahi. Gardi dai, 'yan sandan Faransi, sun kama shi sun tafi da shi aikin hanya na tilas wajen Dapango. An ce ba zai daɗe ba. Maƙwabta suna kawo mini tuwo, kada ki damu. Ruwa ne kawai ban da mai ɗebo mini.

Na ji Karimu ɗanki zai zo duba ni a kan keke. Don Allah kafin ya fito ki ɗaura masa jan zare a hannun da yake cin tuwo. In ya tsallako iyaka, gefen zaren zai bi. Ɗaya ya ishe ni jira.

Malam, ajiye alƙalamin, na gaji.

Nan Iya Barakatu ta juya tana kallon ƙofar gida.