Kulocin da Yaya Ya Aiko

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Mu ma ƙalau muke, sai dai gwiwar Baba ta hagu da take ɗan motsawa in ya daɗe a zaune.

Maganar motar Baba ce. Kulocin ya mutu. In ya sa giya lamba uku ya taka totur, inji ya yi ta kuka, motar kuwa tana tafiyar hawainiya, ga ƙaurin ƙuna. Bakanike ya sauke giyar motar a gabana. Na auna faifan kulocin da kaina: faɗinsa milimita ɗari biyu da goma sha biyar, haƙoran tsakiya ashirin da ɗaya. Na ƙirga sau biyu don kada in yi kuskure.

Iri biyu ne suka dace da ita. Akwai irin wanda ta zo da shi, mai laushin taki. Akwai mai ƙarfi, na motar da ke jan kaya, wanda murfinsa ke matse faifan sosai. Ya fi daɗewa, amma ƙafa ce ke biya. Yaya, Baba ba kaya yake ja ba. Mama yake kaiwa asibiti, ya biya kasuwa, ya ɗauko jikoki daga makaranta. Don Allah ka aiko mai laushin, haɗe da boris ɗinsa, wato ƙarfen nan mai juyawa da ke danna murfin. Ka tuna da ƙafar hagu ake taka kuloci, kuma ita aka yi wa aiki bara.

Ka gaida kowa. Ka yi haƙuri da yawan bayani, ka san ni.

Ƙanenka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali. Saƙo ya iso, Allah Ya saka da alheri. Amma mai ƙarfin ka aiko.

Na karanta abin da ka rubuta a jikin kwalin, cewa ubanka ba zai hau mota da kayan yara ba. Baba ya sa na maimaita masa. Ya ɗauki kwalin ya zagaya da shi gidajen maƙwabta, yana cewa babban ɗansa ya ce sai wanda ya fi kowanne ƙarfi. Da muka je wajen bakanike na buɗe baki, Kawu da ya raka mu ya ce wai tawadar takardar digirina ba ta bushe ba na fara koya wa manya mota. Aka yi dariya. Bakanike ya kalle ni, ya kalli Baba, ya ce shi dai abin da aka miƙo masa yake ɗaurawa.

An ɗaura. Na ɗauko sikelin awon nauyi na ɗakin Mama, na jingina shi a kan abin taka kulocin na danna. Kilo ashirin da uku. Na gwada a motar maƙwabcinmu, irin ta Baba sak, kilo goma sha biyu. Ba ra'ayina ba ne wannan, Yaya, sikeli ne.

Shekaranjiya muka shiga cunkoso a hawan nan na kusa da asibiti, Baba na tuƙi, Mama na baya. Taka, saki, taka, saki. Ina kallon ƙafarsa tana rawa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Sai gwiwar ta saki, motar ta yi tsalle ta mutu, ta fara komawa baya. Na ja birkin hannu. Wani direban bas ya leƙo ya ce, tsoho, a je gida a kwanta mana, titi ba tabarma ba ce. Baba fa ake faɗa wa haka. Shi da ya koya wa rabin unguwa tuƙi, har da kai.

Na ce a mayar da mai laushi. Ya ce kyautar ɗansa ce, ba zai cire ta ya kunyata ka ba. Maganata ba ta da nauyi a gidan nan, taka ce ke da shi. Ka kira shi ka ce kai ka yi kuskuren lamba, a canza. Kalma ɗaya ce. Ina roƙonka.

Naka,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya.

Na ji kiran da ka yi, don Baba ya buɗe muryar wayar yadda Mama za ta ji. Na zauna a bakin ƙofa ina jiran kalmar nan ɗaya. Sai ka ce kulocin ba shi da laifi, mafi kyau ne a kasuwa, shekaru ne suka zo, kuma dama lokaci ya yi da Baba zai huta da tuƙi. Ka ce tunda Auta bai sami aiki ba, ai ga direba a gida. Ka yi dariya. Baba ma ya yi, ya sa maka albarka.

Ban san ko ka lura ba, bai ce komai ba bayan haka sai to, to.

Washegari ya kira ni ya miƙo mini mukulli. Ya cire shi daga zoben da yake haɗe da na gida, da farcensa, a hankali, bai yarda na taya shi ba. Na ce masa bakanike na da mai laushin a ajiye, aikin yini ɗaya ne. Ya ce in bar shi, yayana ya fi ni sani, ba motar ba ce, shi ne.

Wannan ne ba zan iya haɗiyewa ba. Ba shi ba ne, Yaya. A motar maƙwabci ya zagaya unguwa ranar da na yi awon, ko yatsine fuska bai yi ba. Amma ya gwammace ya yarda ya tsufa da ya yarda ka yi kuskure, kai kuma ka bar shi ya zaɓi hakan.

Yanzu ni ke kai Mama asibiti. Baba na zama a gefena. In mun zo hawan nan, ina ganin ƙafarsa ta hagu tana danna ƙasan motar, inda babu komai.

Ka ce in ɗauko maka hotonsa da motar don ka nuna wa abokan aiki. Ga shi na haɗo. Yana tsaye ne a ɓangaren fasinja. Kulocin kuwa lafiya lau, bakanike ya ce zai yi shekaru bai gaji ba.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanenka,
Auta