Safar Hannun da Nake Warwarewa

Zuwa ga Yaya Hadiza, a Agadas.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina sanyi? Yaya maigidan da yara? Allah ya sa ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Mu nan Badagishiri sai godiya.

Yaya, yau wata biyu ina takaba, ko zaure ban leƙa ba. Da na doshi ƙofa sai uwar marigayi ta yi gyaran murya. Ranar kasuwa ina jiyo hayaniya ta kan katanga, ni kuwa kamar akuya a turke.

Kin tuna safar hannun da na fara saƙa masa da kwarashi da ulu ruwan toka, marar yatsu, don dashen albasa cikin sanyin fadama? Ta hagu kaɗai ya samu gwadawa. Na ƙarasa ta dama, ulu ya ƙare. Na aiki ƙanensa kasuwa, wai sai ga shi da zaren ɗinki! Yanzu in na gama sai in warware in sake, don kada hannuna ya zauna. Jiya na ce bari in rage ta daidai nawa hannun. Da na ɗaga, awonsa ne dai ya fito.

Ki gaida Inna Kulu da maƙwabtanki. Ki sa marigayi a addu'a, ni ma ki roƙa mani haƙuri. In kin samu mai zuwa, ki aiko mani ulu, kowane launi banda toka.

Ƙanwarki,
Rabi