Muryar Baba Ɓauna

Litinin, 7 ga Oktoba

Shekara da shekaru ina wasan daɓe a Lahore, yau ga ni na zama ɓauna. Katun ne na yara, ni ne muryar uban, wani ƙato mai gashin baki. Mehwish, yarinyar da ta zana shi, ko sa'ar ɗana Shahzeb ba ta kai ba. Ta ce, "Baffa, muryarka nake so, irin wadda ke sa yaro ya ɓuya bayan ƙofa." Yabo ne ko zagi, oho.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na kalli kashi na farko. Kai, yarinyar nan akwai basira! In uban ya ce "Ina za ka?", tsawa da walƙiya ke isa kunnen ɗan. In ɗan ya fara bayani, kukan sauro kawai uban ke ji, har yana kai wa iska mari. Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni.

Laraba, 16 ga Oktoba

Mun yi musu da Mehwish. Na ce ku masu katun kullum uba ne sakarai. Ta ce, "Baffa, ka yi haƙuri sai kashi na shida." Na ce mata 'yar zamani, ta ce mini tsohon ɓauna. Muka raba samosa ɗaya.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Rukhsana, matata, ta yi waya da Shahzeb a tsakar gida. Tun da ya ajiye karatun injiniya ya tafi Karachi dafa abinci a otal, ta bakinta muke gaisawa. Ni dai abin da kowane uba zai faɗa na faɗa.

Talata, 22 ga Oktoba

Kashi na shida. Ɗan ɓauna ya karya kekensa, uban ya daka tsawa ya ɗauke keken. Yaro na kuka, a zatonsa an ƙwace ke nan. Sai hoton ya bi uban can bayan gidansu, ashe keken yake gyarawa, yana fama da ɗan ƙaramin noti da manyan kofatansa, notin na zamewa yana faɗuwa. Mehwish ta ce, "Nan babu magana, Baffa. Numfashi kawai." Sau uku ina yi kafin na iya. Ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ba ta kuma wanke kowa ba. A ina yarinya ƙarama ta san wannan?

Na tambaye ta. Ta ce babanta mai gyaran keke ne, kuma bai taɓa kallon zanenta ba har ya rasu. Sai ta ce a kawo shayi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An nuna a talabijin. Saƙon murya ya shigo wayar Rukhsana. Jikata Anaya na ihu, "Kaka ne! Wallahi Kaka ne!" Sai muryar Shahzeb: "Ammi, ki ce wa Abbu ɓaunan ya yi kyau. Amma tsawar ba ta kai ta gida ba." Yana dariya. Ja'iri.

Na ce ta sake kunnawa, ban ji sosai ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na biya ta tashar jirgin ƙasa, hanya ce ta bi da ni. Ashe na Karachi da yamma yake tashi. Rukhsana ta tarar na sauko da akwati daga saman kabad, ta tsaya tana kallona. Na ce ƙura nake kakkaɓewa. Ta ce, "To, ka kakkaɓe nawa ma."