Nafi'u Bai Tambayi Sunan Baƙon Ba

Zuwa ga mahaifiyata Inna, bayan sallama da gaisuwar girmamawa, da fatan ƙasa ta yi miki sauƙi.

Inna, autanki Nafi'u yana tsare a Sakkwato. Wata bakwai ke nan.

Kin tuna yadda kike masa tsiya, wai ya auri waya ya bar gero? To, bayan rasuwarki wayar ta zama sana'a. Fataken Burkusuma sun gaji da masu tare hanya, sai su ba shi naira, ya mayar da ita kirifto, kuɗin nan na intanet, su karɓi sefa a Nijar.

Wata ranar kasuwa wani baƙo ya zo, ya gaishe shi da sunan Baba, suka ci tuwo kwano ɗaya. Ya ba Nafi'u naira, Nafi'u ya tura kirifto asusun da ya nuna masa. Bai tambayi sunansa ba. Ke kika hore mu da haka: "Wanda ya san ubanku, ba ku tuhuma tai, kunya ta."

Hukuma ta ce kuɗin sun bi ta wani ɓoyayyen lungu na intanet, suka faɗa hannun masu sayo wa 'yan bindiga makamai. Mutanen da suka kore mu daga Gangara, Inna, har kika cika a ɗakin aro.

Na je kotu sau huɗu. Alƙali ya ce a kawo mai asusun da ya karɓi kuɗin, aka miƙa masa takarda, haruffa da lambobi zalla, ba suna ba gari. Lauyanmu ya ce doka tana son a nuna Nafi'u ya sani. Masu ƙara ba su iya nunawa ba, mu ma mun kasa nuna bai sani ba. Sai a ɗage shari'a, a hana beli. Raina yana ɓaci, wanda ya ɓoye fuska yana yawonsa, Nafi'u da ya yi rajistar asusunsa da katin shaidarsa na gaskiya shi ke ciki.

Jiya na kai masa fura. Duk ya rame. Abu ɗaya ya tambaye ni: shin da kina raye za ki yarda da shi?

Na ce masa ƙwarai kuwa. Na amsa da bakinki ban nemi izini ba, ki yafe mini.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya fito mana da shi, Ya sa kuɗin nan ba su sayi harsashi ko ɗaya ba.

'Yarki,
Rabi, daga Sabon Birni