Layar wuyan jesin gola da hannun Yayana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ka ɓoye sunana, ku kuma masu karatu don girman Allah ku ba ni shawara.

Ranar Litinin da hantsi na fara jin akwai wani abu. Mai kabu-kabun da ke kai ni shago kullum ya zo ya iske ni tsaye bakin titi, ya dube ni ido cikin ido, ya wuce, kuma babu kowa bayan mashin ɗinshi. Na taka da ƙafa har shagona a Jega, ni tela ce, tun da na gama sakandare ɗinki nake yi. Akwai mahaucin da rumfarshi ke kallon tawa, Baba Ummaru, kullum sai ya tarye ni da tsokana, "Telar gwamnati, yau yadin wa za a ɓata?" Ranar na gaishe shi sau biyu, ya ci gaba da wasa wuƙarshi kamar ba da shi nake ba.

Bari in koma baya don ku gane. Muna da ƙungiyar ƙwallo a yankinmu, ba zan faɗi sunanta ba, tana buga lig kuma 'yan wasanta albashi suke ɗauka. Marigayi Babanmu na cikin waɗanda sunka kafa ta tun shekarun farko da anka ba mu jihar Kebbi, kuma yanzu Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne golanta. Bana abin ya lalace, wasa biyar a jere ana cin su, har a filin gida, ana maganar za su faɗa rukunin ƙasa. Duk inda ka zauna maganar ke nan, tasha, kasuwar albasa, wurin mai shayi, har matan da ba su san fenariti ba sun iya zagin koci.

Farkon kakar wasan anka kawo sababbin jesi, Yaya ya sa anka ba ni aikin, in ɗinka lamba in cire tambarin ƙungiya daga tsofaffin in mayar kan sababbin. Da na zo kan tsohuwar jesin gola sai na ji wani tudu cikin wuya, na farke, sai ga laya, fatarta ta yi baƙi ƙirin, gumin shekara da shekaru ya ci ta har tana wari. Na sa ta cikin aljihun keken ɗinkina da niyyar in tambayi Yaya, aiki ya yi mani yawa na manta. Babu wanda ya taɓa ce mani wagga laya tun golan farko take, kuma duk aka sake jesi sai an mayar da ita wuyan sabuwa. Tsohon telan da ya saba yin aikin idonshi ya mutu, shi ya san al'adar, ni ba a faɗa mani ba.

Bayan wasa na biyar shugaban magoya baya, wani direba da ake ce wa Ciyaman, ya shiga fili ya kama wuyan rigar Yaya a gaban mutane ya shafa, bai ji komai ba. Ya tambaye shi ina laya, wa ya ɗinka rigar. Yaya ya buɗe baki ya ce ƙanwata ce. Daga baya na ji haka, ranar Litinin ɗin ban san komai ba.

Ina zaune kan keke wajen ƙarfe sha ɗaya na ji ganga da usur, irin wanda magoya baya suke kaɗawa a fili, na ɗauka wucewa za su yi. Sai abu ya bugi ƙofar shagon, ya fashe, ruɓaɓɓiyar albasa ce. Kafin in miƙe sun cika layin, sanye da rigunan ƙungiya, wasu da buhun ruɓaɓɓiyar albasa sun saɓo, suna jifa suna waƙar wai in fito da abin da na sace. Wasu na cewa ƙungiyar da ta ci mu ce ta saye ni, wasu na cewa dama hannun mace bai kamata ya taɓa rigar gola ba. Duk na san su, wasu na ɗinka wa matansu kayan suna. Lesin amaryar da ke rataye, wanda za a karɓa ranar Laraba, ya jiƙe da ruwan albasa, sun tuge allon shagon, na ji wani na tambayar wa ke da fetur.

Baba Ummaru, wanda ya ƙi amsa gaisuwata, shi ya zagayo ta ƙofar baya. Ya ce, "Ke, taso. Ni ma haushinki nake ji, amma ba a gabana za a ƙone ɗiyar Malam ba." Ya yafa mani zanen wata mai daddawa, ya bi da ni ta bayan rumfuna har tasha, ya sa ni motar Maiyama wurin Gwaggona. Takalmi ɗaya na isa da shi.

To ga abin da ba wanda ya sani a garinmu sai ni da Yaya, kuma shi ya sa nake rubuto maku. Ba laya ce ta hana shi kama ƙwallo ba. Sati biyu kafin a fara lig ya je Kashin Zama taya Kawunmu kwasar albasa, ya ɗauro buhu kan mashin, ya faɗi kan hannunshi na dama kafin ya shigo Aliero. Mai ɗori ya duba ya ce ƙashin wuyan hannu ya tsage, ya ɗaure, ya ce kada ya ɗauki ko buta har sai ya kama. Yaya ya kwance ɗorin da kanshi don kada koci ya gani ya sa golan benci, ya ce in ya sauka sau ɗaya ba zai sake hawa ba. Ni ke naɗa mishi bandeji kafin kowane wasa, ni na faɗaɗa mishi safar hannu don ta rufe kumburin. Duk wanda ya kalli wasannin da hankali zai ga ta hannun dama ake cin shi, kusan duka. Ya sa na rantse ba zan faɗa wa ko Inna ba, kuma ban faɗa ba.

Da Yaya ya kira ni ina Maiyama na tambaye shi don me ya ambaci sunana. Ya ce ruɗewa ya yi, mutane sun yi mishi rumfa, bai zaci za su je shago ba. Na ce to ya fito ya nuna masu hannunshi, sai ya ce in tuna yana da mata da 'ya'ya biyu kuma ƙwallon ce sana'arshi, ni kuwa magana ce za ta wuce. Na ce ɗinki ma sana'a ce, kuma ni anka nemi zuba wa fetur. Ya ce bakina ya yi kaifi da yawa, na kashe wayar. Inna kuka kawai take tana cewa in yi haƙuri in bi abin da manya sunka ce, ba ta san ɗanta da hannu ɗaya yake tsaron raga ba.

Jiya bayan la'asar Kawu ya zo da saƙon mai unguwa. Ya zauna kan tabarma, ya sha ruwa, ya ce, "Ɗiyata, an kashe wutar, babu mai taɓa ki, gobe ma kina iya buɗe shago." Ya ce mai unguwa ya tara su Ciyaman ya yi masu faɗa sosai, za su gyara allon kuma za su ba uwar amarya haƙuri. Gwaggo ta fara hamdala. Sai ya ƙara da cewa abu ɗaya kawai sunka roƙa, ranar Asabar kafin wasa in zo bakin fili da allura da zare, in mayar da layar wuyan rigar a gaban magoya baya, in ce na yi kuskure su yafe mani.

Layar na nan cikin aljihun kekena, ɗinka ta ba zai kai minti biyar ba. Amma ni ba zan durƙusa wa mutanen da sunka jefe ni da ruɓaɓɓiyar albasa ba, ban saci komai ba, ba wanda ya saye ni, kuma su ya kamata su zo ƙofar shagona su ba ni haƙuri. Ban da haka, ku duba mani wannan, in na ɗinka ta ranar Asabar hannun Yaya ba zai warke ba. Za a sake buga mishi ta dama, za ta sake shiga, sannan za su ce na musanya layar ko na karya ta, kuma ranar ban san ko Baba Ummaru zai kai gare ni kafin su ba.

Na ce wa Kawu na ji, ya ba ni zuwa Juma'a. Ya tafi yana murna, yana ganin magana ta ƙare.

'Yan uwa, in karya rantsuwata in je wurin koci in faɗa mishi ya sa Yaya ya cire safar hannu a gabanshi, ko in ƙi zuwa filin in yi shiru in bar shagona da garin da anka haife ni? Ɗinkin layar dai na cire shi daga lissafi, kada ma wani ya ba ni wannan shawarar. Yau Alhamis.