Cikowar Auta

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya iyali? Mu lafiya lau, kogi ne dai ba lafiya.

Injiniyan gidanmu, tun da kuka tare kogi da madatsar nan taku, cikowa ba ta sake leƙo mu ba. Ka san ba ambaliya nake nufi ba, mai cin gidaje. Cikowa nake nufi, mai hawa a hankali kamar tsohuwa a kan matakala, ta kwanta a fadama, ta janye ta bar mana laka da kifi. Yanzu fadama ta tsattsage, kwalekwalen Baban yara yana kife har kaji sun mai da shi akurki. Ya rantse in bana ma ba mu sami komai ba, zai sayar da shi mu koma birni. Ni ban ƙi ba, amma Baba fa? Idonsa ya tafi, kullum sai an kai shi gindin tsamiyar bakin gaɓa, yana tambaya ko ruwa ya iso.

Makulli yana hannunka. Ka buɗe mana.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki cikin girmamawa, a gaida Baba da yara.

Yaya, makulli ba ya hannuna, ni ƙaramin ma'aikaci ne a ɗakin lura da ƙofofin ruwa. Ruwan da muke tarewa shi ke juya injinan wuta. Da wutar aka yi wa 'yarki aiki a asibiti ranar haihuwarta, ba da fitilar hannu ba. Ba gori nake yi ba, so nake ki san abin da ake ɗora mini a kan tebur duk sanda na buɗe baki.

Duk da haka maganar Baba ta tsaya mini a rai. A laka ɗin nan na koyi tafiya. Zan ci gaba da damun manya har su gaji da ganina.

Ƙanenki, Auta.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Albishirinki. Bayan watannin da na yi ina safa da marwa, manya sun yarda a saki ruwa ranar Asabar mai zuwa.

A sanarwar da za a karanta a rediyo, abokan aikina sun rubuta ambaliya. Na soke da hannuna na sa cikowa, don kada a firgita mutane, kuma don Baba ya ji kalmarsa. 'Yan kwanaki kawai aka ba mu, saboda haka ƙofofin duka za mu ɗaga, a yini ɗaya ruwa zai shafe fadama. Ƙasar ai a bushe take, babu abin da zai ci. Ku dai janye yara da dabbobi daga gaɓa.

Na ba direban motar kasuwa wannan. Ki sa a zaunar da Baba gindin tsamiya da wuri.

Ƙanenki mai murna.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Na ji ka shiru tun wasiƙar asibiti, na ce ko Injiniya ya yi fushi.

Ban gaya maka ba, mun gaji da jira. Mu da maƙwabta duka mun gangara cikin kogin, inda sauran danshi yake, mun dasa albasa. Duk irin da muke da shi can ya tafi. Ta yi kyau, Auta, kanta ya fara fitowa, saura kaɗan a cire.

Sai jiya muka ji a rediyo wai cikowa na zuwa ranar Asabar. Na san aikinka ne, wa zai san wannan kalma a ofishinku? Na yi kuka don daɗi. Maƙwabciya ta tsorata, Baban yara ya yi mata dariya. Ya ce, “Ambaliya suka ce ko cikowa? Cikowa kafin ta taɓa albasa mun cire, mun shanya, har mun huta.”

Allah ya yi maka albarka, ɗan ƙanena.

Yayarka.

*

Auta,

Sallama. Wasiƙarka ta iso ranar Lahadi, motar ta lalace a hanya. Ruwan ya riga ta.

Ba a rasa rai ba. Albasa ko ƙwaya ɗaya ba a fid da ba. An sayar da kwalekwale, ƙarshen wata za mu tashi. Ban ga laifinka ba, na dai yi da-na-sanin roƙon da na yi maka.

Baba bai san komai ba. Ruwa ya taɓa ƙafarsa a gindin tsamiya, ya ɗebo ya shafa a fuska, ya ce a gaya maka ya gode, ka cika ɗa. Idan ka zo, kada ka gyara masa.

Yayarka.