Yadda 'Yarka Ta Sami Suna

Zuwa ga ɗana Nirvair Singh, a Kisumu.

Ina yi maka gaisuwar addininmu, Sat Sri Akal. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na gareji. Ubangiji ya tsare ka, ya ƙara maka ƙarfin jiki. Mu nan ƙalau muke. Alkama ta nuna, matarka Kulwant ta murmure, jaririyarku kuwa daga tsotso sai barci.

Ranar Lahadi muka kai jaririyar gurdwara, ɗakin ibadarmu, don raɗin suna. Da aka gama addu'a, sai Bhai Sarwan, mai kula da Littafinmu mai tsarki, Guru Granth Sahib, ya ce yau ba shi zai buɗe ba, ni kakan yarinya ne zan buɗe in karanta, tunda shekara uku ke nan yana koya mini karatu da yamma bayan na tatse baunar da muke kiwo. Uwarka ta matso ta raɗa mini wai in na san zan kunyata ta gaban surukai, gara in ce na manta tabarau, alhali ga shi a kan hancina. Sai na tuna abin da muka koya a aji, cewa Granth littafi kawai yake nufi, amma Guru na goma, wato na ƙarshen manyan malaman addininmu, ya ce bayansa Littafin ne malaminmu, shi ya sa muke ce masa Guru, muka ƙara Sahib don girmamawa. Na ce a raina, ai gaban malamina zan zauna, kuma ya san a makare na zo neman karatu.

Na wanke hannu, na zauna, na buɗe inda ya buɗu. Na kai ƙarshen waƙar da ke saman shafin hagu, sau biyu kaɗai na yi tuntuɓe. Harafin farko Ja ne, kuma a al'adarmu da shi sunan zai fara. Kulwant ta zaɓi Jasnoor Kaur, jama'a suka amsa da murya ɗaya. Uwarka mai tsokana ita ta fi kowa hawaye, wai hayaƙin murhu ne ya shige mata ido, alhali murhun yana can bayan gini.

Kawunka Dilbagh da gwaggonka Surjit suna gaishe ka. Ka gaida mai gidanka. In za ka ba da amsa, ka ɗan ƙara girman baƙaƙen, don yanzu ni nake karanta wa uwarka.

Mahaifinka,
Bakhshish Singh